Kasuwa Ce Uwar Gari

In an tambayi ɗan makaranta labarin ƙasar Ingila ta zamanin dā, nan da nan za ka ji ya shiga jera sunayen sarakuna da shekarun yaƙe-yaƙe, ya ce Wiliyam ya ci ƙasar a 1066, wane ya gaji wane, wane ya kori wane. Amma in ka ce ya gaya maka inda talakan ƙasar ya ke kai ƙwan kajinsa ya sayar, ya sayo gishiri da garma, sai ya yi tsuru-tsuru. Mu dai a ganinmu wannan babban giɓi ne cikin karatunmu, gama sarakunan nan duk sun wuce, gidajensu na yaƙi da yawa sun zama kufai, amma kasuwannin da aka kafa a zamaninsu har yau waɗansu suna ci. Saboda haka mu ke roƙon malamanmu da 'yan'uwanmu su ba mu aron kunnuwansu, mu ɗan duba yadda garuruwan kasuwa su ka tashi a ƙasar nan, da abin da ya raya waɗansu ya kashe waɗansu.

Shekarun da mu ke magana a kansu su ne waɗanda Turawa ke kira zamanin tsakiya, watau daga wajen shekara ta 500 zuwa ta 1500 bisa lissafinsu. Garin kasuwa kuwa ɗan ƙaramin gari ne, wani mutanensa ba su wuce ɗari biyar ba, wani ya kan kai dubu ɗaya ko biyu. Abin da ya raba shi da ƙauye shi ne, yawancin mazaunansa da sana'a da ciniki su ke ci, kuma akwai rana ɗaya cikin mako da ƙauyukan kewaye ke taruwa a cikinsa. A 1086, sa'ad da Sarki Wiliyam ya aiki manzanninsa su ka ƙirga dukiyar ƙasar gari gari, kasuwannin da su ka rubuta ba su kai ɗari ba. Daga nan zuwa 1300 jama'ar ƙasar ta ninka biyu har da ɗori, aka sare dazuzzuka aka yi gonaki, masu ƙasa su ka fara neman a biya su haraji da kuɗi maimakon hatsi da aikin gayya. To, manomi kuwa ina zai sami kuɗi in bai sayar da amfanin gonarsa ba? Kasuwa ta zama dole. Tsakanin 1200 da 1349 an ba da izinin sababbin kasuwanni fiye da 1,000.

Mun ce an ba da izini, domin a ƙasar nan ba mai ikon kafa sabuwar kasuwa sai da takarda mai hatimin sarki. Mai ƙasa shi ne zai je fada ya biya kuɗi, a rubuta masa sunan wurin da ranar da kasuwa za ta riƙa ci. Misali, a ƙidayar 1086 Barmingam ƙauye ne na gidaje tara, an ƙimanta abin da ya ke kawowa sule 20 a shekara. A 1166 mai ƙauyen, wani da a ke kira Bitrus, ya sami takarda daga Sarki Hanri na Biyu, ya kafa kasuwa. Yau Barmingam ce birni na biyu a girma cikin Ingila, mutanenta sun haura miliyan ɗaya. Haka kuma Stratford, garin da aka haifi marubucin nan Shekisfiya a 1564. Babban limamin Kirista na Worcester ne ya shata garin a 1196 a kan gonakinsa, kusa da mashigin kogi, ya sami izinin kasuwar ranar Alhamis daga Sarki Ricad. Ya yanka filaye masu ƙaramar fuska da dogon baya, ko wane faɗinsa kamar ƙafa 60, tsawonsa kamar ƙafa 200, don ko wane mai sana'a ya sami bakin titi inda zai buɗe shago, ya kuma sami bayan gida inda zai yi aiki. Kuɗin haya sule ɗaya ne a shekara, ba kuwa a tilasta wa mai filin zuwa noman gandun ubangida. Bayan shekara hamsin da 'yan kai aka ƙirga, aka tarar magidanta sun wuce 200, yawancinsu daga ƙauyukan kusa su ka taso, kamar yadda laƙabinsu ya nuna. Har yau in mutum ya je garin zai ga Titin Tumaki da Titin Itace, ko wane da sunan abin da a ke sayarwa a wurin dā.

Wanda ya ji wannan sai ya ce ashe takardar sarki ce ke yin gari. Nan ne mu ka saba da masu wannan zato. Takarda izini ce kawai, ba ta ɗora wa jaki kaya, ba ta kuma tashin tsohuwa da asuba ta nufi gari da man shanunta. Shaidarmu kuwa ita ce, kasuwannin nan da aka ba izini da yawansu ba su yi ƙarko ba. Waɗansu sun ci 'yan shekaru su ka watse, waɗansu ma ko sau ɗaya ba su cika ba. Da babbar annoba ta auko a 1348 da 1349, ta kashe sulusin mutanen ƙasar ko fiye, sai raunanan kasuwanni su ka bi su. Zuwa wajen 1600 garuruwan kasuwa na Ingila da Wales ba su fi kamar 800 ba. Da yawansu da takarda su ka soma, masu rai da matattu. Abin da ya bambanta su shi ne amana: mai zuwa kasuwa ya tabbata zai iso lafiya, za a auna masa daidai, in kuwa an cuce shi za a bi masa hakkinsa tun rana ba ta faɗi ba. Bari mu ɗauki abubuwan nan ɗai ɗai.

Na farko shi ne hanya. Wani alƙali na ƙarni na 13, wanda a ke kira Bracton, an rubuta cikin littafin shari'a da a ke jingina masa cewa sabuwar kasuwa ta cuci tsohuwa in tsakaninsu bai kai mil shida da sulusi biyu ba. Ga yadda aka yi lissafin: tafiyar yini mil 20 ce, sai a kasa ta uku, kashi ɗaya na zuwa, kashi ɗaya na ciniki, kashi ɗaya na komawa gida kafin dare, gama dare na ɓarayi ne. Ku duba fa, da ƙafar talaka aka auna nisan nan. A 1285 kuma Sarki Edwad na Ɗaya ya kafa doka a Winchester, ya ce ko wace hanya da ta haɗa garin kasuwa da wani garin kasuwa a share kurmi da ramukan da ke gefenta har ƙafa 200 dama da hagu, don kada ɗan fashi ya sami maɓoya. Mai ƙasar da ya ƙi sharewa, in aka yi fashi a wurin, shi zai amsa. Dokar ta ce kuma a riƙa rufe ƙofofin gari daga faɗuwar rana zuwa hudowarta, a sa masu gadi. Sarkin da ya yi wannan doka mayaƙi ne ƙwarai, amma ya san baitulmalinsa daga hanyoyin nan ya ke cika.

Na biyu shi ne awo. Ko wane ɗan makaranta ya ji labarin babbar takardar alkawari da manyan ƙasar su ka tilasta wa Sarki Jon ya sa wa hatimi a 1215, wadda a ke kira Magna Carta. Mun saba jin ta hana sarki kama mutum ba bisa shari'a ba. Amma kaɗan ne cikinmu su ka lura cewa a cikinta an ce mudun hatsi ya zama iri ɗaya a ƙasar duka, da ma'aunin giya, da faɗin ƙyalle, an kuma ce fatake su shiga su fita lafiya ba tare da an ɗora musu haraji na zalunci ba. Ashe waɗanda su ka rubuta ta sun ɗauki mudu da nauyin da su ka ɗauki kurkuku. Bayan wannan, wajen 1266, aka yi dokar burodi. Kuɗin burodi ba ya canjawa, nauyinsa ne ke hawa da sauka bisa ga farashin alkama, akwai kuwa masu bi da sikeli suna gwadawa. Mai gasa burodin da aka kama ya rage nauyi sai a ci shi tara, in ya maimaita a sa shi a turu tsakiyar kasuwa kowa ya gan shi. A Landan har a kan rataya masa burodin a wuya, a ja shi bisa wani katako a zaga gari da shi.

An kuma hana taren hanya, watau mutum ya fita bayan gari ya tari masu kawo kaya ya saye da araha tun ba su san farashi ba, sa'an nan ya shigo ya tsawwala. Ba a soma ciniki sai an buga ƙararrawa, a fili, gaban jama'a, galibi kusa da wani gicciye na dutse da a kan gina tsakiyar kasuwa. Saboda ƙarfin wannan al'ada har shari'arsu ta ce abin da mutum ya saya da zuciya ɗaya a buɗaɗɗiyar kasuwa, tsakanin hudowar rana da faɗuwarta, ya zama nasa ko da daga baya an gane na sata ne, ba a kuwa soke wannan hukunci ba sai a 1995. Waɗanda su ka karanta littattafan fiƙihu cikinmu ba za su yi mamakin hana taren hanya ba, gama shari'ar Musulunci ta riga ta hana tarbar ayari kafin ya iso kasuwa, Alƙur'ani mai girma kuma ya yi kashedi mai tsanani ga masu tauye mudu. Cutar ɗaya ce ko ina, shi ya sa maganin ya zo ɗaya.

Na uku shi ne shari'ar baƙo. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, yau yana nan gobe ya wuce. Falken da aka riƙe wa kuɗi ba ya iya zama wata uku yana jiran alƙali, kayansa na lalacewa, dabbobinsa na cin jarinsa. In kuwa ya tafi da haushi ba ya komowa, zai kuma gaya wa duk wanda ya gamu da shi a zango. Don haka a manyan kasuwanni, musamman irin waɗanda ke ci sau ɗaya a shekara su yi kwanaki, a kan kafa wata majalisar shari'a wadda sunanta da Faransanci ke nufin masu ƙura a ƙafa, watau matafiya. Nan take a ke jin ƙara, 'yan kasuwa su ne ke taya yanke hukunci, a gama kafin kasuwa ta watse. A 1303 Sarki Edwad ya ƙara wa fataken ƙasashen waje wata alfarma, ya ce in ɗayansu na shari'a da ɗan ƙasa, rabin masu taya yanke hukuncin su zama baƙi irinsa. Da irin wannan ne fataken Italiya da na Flanders su ka saki jiki suna zuwa sayen gashin tumaki a Boston da St Ives da Winchester, gashin nan kuwa shi ne babban arzikin Ingila a lokacin.

In ana son a ga ƙarfin kasuwa a kan ƙarfin ganuwa, a dubi labarin Salisbury. Tsohon garin, wanda a ke kira Sarum, a kan tudu ya ke, da ganuwa da gidan yaƙi na sarki da sojoji. Wuri ne mai wuyar ci da yaƙi, amma ruwa ya yi ƙaranci, iska ta yi yawa, sojoji kuma suna takura wa mutane. A 1220 babban limamin wurin ya sauko kwari inda koguna su ka haɗu, ya aza harsashin sabuwar majami'a, ya shata tituna da filin kasuwa mai faɗi, aka jawo ruwa yana bin tituna. A 1227 Sarki Hanri na Uku ya ba da takarda. Mutane su ka yi ta gangarowa, har duwatsun tsohon garin aka kwaso aka yi gini da su. Kafin 1400 sabon garin ya shiga cikin manyan garuruwa goma na ƙasar, har wa yau kuwa kasuwarsa na ci ran Talata da ran Asabar. Tsohon kuwa ya zama makiyayar tumaki. Abin dariya, kufan nan ya ci gaba da aika wakilai biyu zuwa majalisar dokoki har 1832, alhali ba mai kwana a cikinsa.

Ban da ciniki, garin kasuwa ya yi wa ƙasar waɗansu ayyuka. A wancan zamani manoma da yawa ɗaure su ke da gonar ubangidansu, ba su da ikon tashi ko aurar da 'ya sai da yardarsa. Amma a waɗansu garuruwa masu takardar 'yanci, in irin wannan mutum ya zauna shekara ɗaya da kwana ɗaya ubangidansa bai neme shi ba, ya zama ɗa. A kasuwa a ke karanta sanarwar sarki, a nan a ke jin labarin duniya, a nan yaro ke samun maƙeri ko majemi ko masaƙin da zai koya masa sana'a. Mai ciniki kuwa dole ya iya lissafi da rubuta bashi, saboda haka makarantu su ka biyo kasuwa. Shekisfiya kansa ɗan mai ɗinkin safar hannu ne na garin kasuwa, ba ɗan fada ba ne.

Mun sani akwai mai cewa, kai, kun cika yabo, ai masu ƙasan nan ba don Allah su ka kafa kasuwanni ba, don aljihunsu ne. Gaskiyarsa. Kuɗin rumfa da kuɗin shiga da tarar shari'a duk wurin mai ƙasa su ke zuwa. 'Yan gari kuma su kan haɗa kai cikin ƙungiyoyinsu su tsananta wa ɗan ƙauye, su biya kaɗan shi ya biya da yawa. Garuruwan na da ƙazanta, gobara da cuta ba sa nisa da su. Wani wurin ma zaluncin ya yi yawa. A St Albans shugaban gidan sufayen Kirista, wanda shi ne mai garin, ya tilasta wa mutane su kai hatsinsu maniƙarsa su biya, a 1331 ya ƙwace duwatsun niƙansu na gida, ya sa aka daɓe wani ɗaki da su don ya wulakanta su. Mutanen ba su manta ba. Shekara 50 bayan haka, cikin tawayen talakawa na 1381, su ka shiga gidan su ka tone duwatsun, su ka farfasa su ka rarraba wa juna. Duk wannan mun yarda da shi. Amma a ganinmu ƙara wa maganarmu ƙarfi ya yi. Hakimi na iya tilasta wa talakansa noman gandu, amma ba ya iya tilasta wa falken wata ƙasa ya sauke kaya a garinsa, ga kuwa wata kasuwa mil bakwai a gaba. Saboda haka mai kwaɗayin da ke da hankali ya gane sai ya yi adalci kwaɗayinsa zai biya, gama da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Kasuwa ta koya wa masu sarauta abin da wa'azi ya daɗe bai koya musu ba.

Kada kuwa mu ɗauka wannan labarin Turawa ne kaɗai. A cikin wannan zamani na tsakiya Kano ta zama matattarar fatake. Tarihin Kano ya nuna Wangarawa sun iso daga Mali a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14, ya kuma nuna Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya kafa Kasuwar Kurmi. Gidan da Rumfa ya gina da kasuwar da ya kafa duk suna nan, ya kamata mu riƙa ambatonsu tare. Sarkin kasuwa da dillali da fatoma da madugu, in an duba da kyau, aikin da su ke yi shi ne aikin nan uku da mu ka lissafa: tsare hanya, tsare awo, da tsare hakkin baƙo. Bambancin da ke akwai shi ne, Ingilishi sun rubuta nasu a takardu sun adana, har ana iya sanin ranar da kasuwar ɗan ƙaramin ƙauye ta fara ci shekara 800 da su ka wuce, mu kuwa yawancin namu yana cikin kawunan tsofaffi.

To, 'yan'uwa, ga abin da mu ke kira gare shi. Mu da za mu fita daga kwalejin nan mu tsaya gaban yara, kada mu mai da tarihi jerin sunayen sarakuna kurum. In mun koya musu 1066, mu koya musu 1166 da kasuwar Barmingam, in mun koya musu wanda ya ci yaƙi, mu koya musu wanda ya tsare mudu. In hutu ya zo, ko wannenmu ya sami dattawan garinsu cikin ladabi ya tambaye su wa ya kafa kasuwarsu, don me ta ke ci a ranar da ta ke ci, daga ina a ke kawo mata kaya dā, wace kasuwa ce ta mutu a kusa da ita, me kuma ya kashe ta. Ya rubuta abin da ya ji ya kawo, mu roƙi malamanmu su taimake mu a tattara a ajiye a ɗakin littattafai, gama tsoho in ya tafi da labarinsa ya ke tafiya. Waɗanda kuwa Allah ya nufa da riƙon jama'a nan gaba cikinmu, in sun ga garinsu na ja da baya, kafin su ɗora laifi a kan zamani su fara zuwa kasuwa su duba abu uku: ko hanya lafiya, ko mudu cikakke ne, ko baƙon da aka cuta yana da inda zai kai kuka a share masa hawaye a ranar. In ukun nan sun tsaya, ba sai an yi shela ba, fatake da kansu za su gaya wa juna.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya sa mu zama masu riƙon amana, amin.